Tsumma a Babur ɗin Baba

Sunne, farkon Afrilu

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai tarin yawa daga 'yarki Ylva, da fatan kin tashi lafiya. Yaya kwatangwalon, yaya kuma tafiya da sandunan? Allah ya ƙara sauƙi. Ki gaida mini Inna Gunvor, ki yi mata godiyar ɗawainiyar da take yi da ke, amma don Allah kar ki ba ta wasiƙar nan. Saboda ita na koma biro da takarda kamar 'yar makarantar kwana. Duk sanda na kira ki sai ki buɗe muryar wayar wai ba kya ji, ita kuma tana gefe tana amsa mini kafin ki amsa. Abin da Inna ta ji da safe a Karlstad, kafin rana ta take ya iso Sunne.

Gida lafiya lau. Baba yana cin abinci, yana shan maganinsa. Ya koyi kunna injin wanki, sai dai farar rigarsa ta zuwa coci ta koma ruwan hoda, ya ce haka ma ta fi kyau. Kar ki soma tunanin dawowa tukuna. Matakalar gidanku ko mai lafiyayyun ƙafafu sai ya shirya mata, ki yi zamanki a gidan Inna inda ba hawa ba sauka har likita ya yarda.

Ƙanƙara ta bar kan titi, saura wadda ta maƙale a gindin itatuwa ta yi baƙi. Tsakuwar da aka watsa wa hanya da hunturu tana nan jibge a kowace kwana, motar shara ba ta biyo ta wajenmu ba. Kin san abin da wannan ke jawowa. Baba ya fara tsayuwa a taga yana leƙen titi yana cewa sun kusa sharewa. Shekaranjiya na same shi ya ɗora batirin babur a kan teburin kicin ɗinki yana caji, amma ya shimfiɗa jarida, kar ki tashi hankalinki. Rigar fatarsa na rataye a ƙofar falo ta sha mai, duk gidan ya ɗauki warinta.

Mama, alkawarin da kika sa na ɗauka ya hana ni sakat. Ana shirin tura ki ɗakin tiyata kika riƙe hannuna kika ce kar in bari ya hau babur bana. Na ce to, don wa zai yi musu da matar da ke kan gadon tiyata? Ban ce ba ki da gaskiya ba. Ina wurin, bara lokacin kaka, a gidan mai, sanda ya faɗi yana tsaye cak, babur ya danne masa ƙafa sai da muka taru muka ɗaga. Ya ce man dizal ya taka. Na duba ƙasan, busasshen siminti ne. Wuyansa ma ba ya juyawa hagu yadda ya kamata, shekara saba'in da shida kuwa ba wasa ba ce.

Na gwada yi masa magana ta lalama. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ke Ylva, ni na ɗora ki a kan tankin babur kina jan majina, yau ke za ki koya mini hanya?" Na ce to a tambayi likita. Ya ce ai ya tambaya, likitan ya ce zuciyarsa ta fi tasa. Daga nan ya tura mini farantin biskit, kin san kuma in ya yi haka an rufe magana.

Asabar mai zuwa ce ranar da mu da abokan Baba ke fito da babura daga ajiyar hunturu a tsohon ɗakin shanun Kawu Helge. Juma'a za mu je shiri, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ke da kika yi shekara da shekaru kina toya musu burodin kirfa ba sai na tuna miki dokar ba: kowa zai tada nasa a gaban jama'a, wanda nasa ya ƙi tashi shi ke wanke kofunan gahawa, a ɗora babur ɗinsa a tirela a kai garejin gidana, tun da ni ke da bencin ɗaga babur. Baba bai taɓa wanke kofi ko ɗaya a gidan Kawu ba, kuma ba ya gajiya da faɗi.

Ga abin da ya zo mini a rai. In nasa ya ƙi tashi, ya shigo hannuna ke nan. Sai in riƙa jan ƙafa, yau kayan gyara ba su iso ba, gobe sun aiko da wanda bai dace ba, har ki dawo ki yi yaƙinki da kanki. Ban san yadda zan yi ba tukuna. Ko rubutawar da nake yi yanzu kunya nake ji, don mutumin nan shi ya fara damƙa mini sifana a hannu.

Ki riƙa yin atisayen da aka ba ki, kar ki bari Inna ta riƙa miƙo miki komai kina zaune. Ina kewarki ƙwarai.

Taki,
Ylva


Sunne, Lahadi

Mamana,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna. Da fatan ciwon dare ya lafa, kuma abinci yana shiga. Mu nan kowa lafiya, a jiki dai.

An yi abin da kika so. Bari in ba ki labarin yadda aka yi, don ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Ranar Juma'a mun haɗu mu tara a ɗakin shanun. Sanyi a ciki ya fi na waje, hannu ba ya riƙe sukudireba sai an hura masa iska. Aka yaye barguna, aka mayar da batura, aka auna iskar tayoyi, aka duba mai da birki, aka shafe sarƙoƙi. Ɓeraye sun cinye wa Kawu Helge soson kujera, ya zage su har kakanninsu, Baba ya ce ai ƙiba ce ta ja su, sun ji ƙanshin naman da ke zama a kai. Baba ya yi nasa aikin a tsanake kamar kullum. Da ya zo kan tsummokaran da yake cusawa da kaka don hana ɓera shiga, ɗaya a salansa, ɗaya a akwatin da inji ke shaƙar iska, sai ya zaro su ya ɗaga sama ya ce, "To ɓeraye, haya ta ƙare." Ya jefa su a bokitin bakin ƙofa. Daga tsohuwar rigarsa mai shuɗin zane ya yanko su, wadda kika hana shi sawa. Ina tsaye ina kallo, a nan shaiɗan ya raɗa mini.

Jiya Asabar, da kowa ya shiga kicin ɗin Kawu shan gahawa, na ce na manta safar hannuna. Na koma, na ɗauko tsumma ɗaya daga bokiti, na kwance murfin akwatin iskar babur ɗin Baba, na tura shi can ciki, na ɗaure. Hannuna bai ko yi rawa ba, Mama, wannan ma yana damuna. Na dawo na zauna kusa da Baba na ci burodi.

Aka turo babura tsakar gida cikin rana. Nawa ya yi tari biyu ya kama. Na Kawu ya kama da hayaƙi kamar ana ƙona ciyawa. Ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan Baba, don babba ke rufewa. Ya gyara hula, ya hau, ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa, injin ya yi wani gurnani ya shaƙe. Sai tsiya ta fara. Wannan ya ce, "Sixten, ga soso can, ga sabulu." Wancan ya ce a kira 'yan jarida, yau an ga abin da ba a taɓa gani ba. Shi ma yana dariya da farko. Ya yi ta bugawa har gumi ya keto masa a cikin sanyin nan, na ga ƙirjinsa yana hawa yana sauka, na ce a raina yau ni zan kashe shi ba hanya ba.

Na yi maza na ce a ɗora a tirela, zan duba a gida. Amma Kawu Helge ya riga ya durƙusa. Ya ce, "Dakata, wannan ba ya numfashi ne." Kafin in yi wani abu ya kwance murfin, ya zura yatsu biyu, ya jawo tsumman. Ya ɗaga shi yana dariya ya ce, "Tsoho, ɗan hayarka bai tashi ba."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, don sun ga fuskar Baba. Ya karɓi tsumman yana juya shi. Ya ce, "Na cire shi jiya." Ya juyo gare ni ya ce, "Ylva, ba na cire shi ba?" Ni kuwa, 'yarki, na ɗaga kafaɗa na ce ban lura ba, wataƙila na salansa ne kawai ya cire. Sauran ma kowa yana kan nasa aikin jiya, ba wanda zai rantse. Ya je bokiti ya leƙa, ya ga tsumma ɗaya.

Kawu ya mayar da murfin. Bugu ɗaya babur ya tashi, da wannan muryar tasa da kike ganewa tun daga kwanar coci. Baba ya tsaya ya saurara kaɗan, ya kashe. Ya tura shi da kansa ya mayar ciki, ya lulluɓe. Aka yi ta ba shi baki, ya ce wanda ya manta tsumma zai iya manta birki. Ya tuɓe rigar fata, ya naɗe hannun riga, ya shiga kicin ya wanke kofuna tas, har da tukunyar gahawa da ba ta cikin doka.

Mu muka tafi ba tare da shi ba. An share babbar hanya amma ƙananan duk tsakuwa ce, sanyi ya farfasa kwalta, ga warin takin da manoma suka fara watsawa. Gauraki sun dawo gonar bakin tafki. A kowace shekara wannan fitar ta farko ita ce ranar da na fi so, yatsu na daskarewa amma baki ba ya rufuwa. Jiya kuwa madubi kawai nake dubawa, wurin da fitilarsa ta saba zama.

To kin ji. Bai hau ba, kuma ya ce ba zai hau ba. Ya kamata in ji daɗi, amma tun jiya abinci ya ƙi wucewa.

Ki huta lafiya.

Taki,
Ylva


Sunne, ƙarshen Afrilu

Mama ƙaunatacciya,

Bayan gaisuwa da fatan sauƙi na ƙaruwa. Na ji daɗi da kika ce kin sauka har bakin titi da sanda ɗaya. Ki ci gaba, amma banda gaggawa. A gaida Inna.

Amsarki ta iso. Kin sa mini albarka, kin ce gara ya ji kunya a gaban abokansa da a kira ki daga asibiti, kin ce kwana biyu zai manta. Na karanta na sake karantawa ina neman inda zan jingina, ban samu ba. Mama, ba kunya ke cin Baba ba. Ya ɗauka kansa ne ya fara tafiya.

Tun ranar ya canza. In za mu fita sai ya koma ya duba murhu, mu kai mota ya sake komawa ya murɗa ƙofa. Ya daina tuƙi zuwa kanti, yana jira sai na taso aiki in kai shi. A kanti ya tsaya gaban madara ya tambaye ni ko wadda yake ɗauka ke nan kullum, alhali hannunsa ya riga ya ɗauki daidai. Rannan ya kira ni a waya ya ce, "Yau Laraba ce ko?" Na ce Laraba ce. Ya ce, "Na sani, ina so in ji ne." Duk ɗan abin da kowa ke mantawa, inda ya ajiye tabarau, sunan jikan maƙwabci, shi yanzu shaida ce yake tarawa a kan kansa.

Ranar Lahadi muna cin abinci ya ɗauko maganar Baffa Valter, wanda rabon da ya ambaci sunansa tun jana'iza. Ya ce shi ma wan nasa da ƙaramin abu ciwon mantuwarsa ya fara, makulli a cikin firji, ana ta dariya. Ya ce ba mantuwar ke ba shi tsoro ba. Abin da ke ba shi tsoro shi ne yana tuna cire tsumman sarai, yana tuna nauyinsa a hannu, yana tuna maganar da ya yi wa ɓeraye. Ya ce, "In kai zai iya ƙirƙiro mini abu haka dalla-dalla, to da me zan yarda kuma?" Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo.

Da zan tafi ya bi ni mota da akwatin sifanunsa, koren nan na ƙarfe da ko ni ba na taɓawa sai na nemi izini. Ya sa mini a but ɗin mota ya ce in riƙe, a wurina za su fi amfani. Na ce ba na so. Ya ce in karɓa tun yana sanin wa yake ba wa.

Yanayi kuwa kamar da gayya. Rana ta fito, an share duk hanyoyi, ganye ya fara tsiro. Da yamma babura na wucewa ta gaban gidanku ɗaya bayan ɗaya, da can yakan faɗi irin injin kowanne daga kujerarsa ba tare da ya leƙa ba. Yanzu sai ya ƙara muryar rediyo. Ni ma na daina zuwa gidan a kan nawa, da mota nake zuwa. Jiya na zauna zan gyara sarƙata da ta saki, na ɗauki sifana na ga tasa ce, na ajiye na rufe gareji.

Kawu Helge ya zo wurina. Na ce a raina rana ɗaya ta mai kaya ta zo. Ashe ba haka ba ne. Ya zauna a kan bokitin fenti yana murza hula, ya ce shi ya kashe abokinsa. Ya ce, "Da na tura tsumman nan a aljihu na ce fulogi ne, da yanzu muna hanya. Bakina ne, 'yata, bakina ba ya da birki." Dattijo yana share ido a gabana saboda laifina, ni kuma na ba shi gahawa na ce kar ya damu, ba laifin kowa ba ne. Ban san na iya ƙarya haka ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Baba ya nemi a yi masa gwajin ƙwaƙwalwa a asibitin gari, an ba shi ranar Talata, ni zan kai shi. Ya roƙe ni kar in gaya miki. Ya ce, "Bar mamarki ta warke tukuna, ta ɗauki ɗaya kafin a ɗora mata na biyu." Ga shi na gaya miki. Ina riƙe da sirrinki a gabansa, na kasa riƙe nasa a gabanki, ban san wace irin 'ya ce ni ba.

Garin neman gira mun rasa ido, Mama. Kin ce in hana shi hawa babur, ba ki ce in raba shi da hankalinsa ba, kuma ban ɗora miki ba, dabarar tawa ce. Amma ina roƙonki ki sake ni daga alkawarin nan. Ki kira ni sanda Inna ta fita sayayya, kalma ɗaya ta isa.

Allah ya ba ki lafiya.

'Yarki,
Ylva


Sunne, farkon Mayu

Zuwa ga Mamana,

Ina miƙo gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ƙafa tana ƙara ƙarfi. Ina fatan kuma za ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Da kika kira kin ce in jira ki dawo, gwaji ba ya kashe mutum, likita zai ce masa lafiyarsa lau shi ke nan. Na ji kina kuka, na ce to. Na sake ce miki to, kuma na sake kasawa. Na gaya masa.

Ranar Talata da safe na je ɗaukarsa. Na same shi a kicin ya yi aski, ya sa kwat ɗinsa na zuwa biki, yana zaune hannuwa a kan gwiwa. A gefen kujera ga ƙaramar jaka. Na tambaye shi ta mece ce, ya ce kayan barci ne da buroshi, ko za su riƙe shi. Na ce ba a riƙe mutum don gwajin nan. Ya ce Valter ma haka aka ce masa.

Ban shirya ba. Makullin mota na hannuna, na ji bakina yana magana. Na ce, Baba, ka cire tsumman nan, ni na mayar. Bai gane ba da farko. Na sake faɗa, na gaya masa safar hannun, da bokitin, da murfin. Sannan ya ce, "Na cire shi." Na ce ka cire. Ya ce, "Duka biyun." Na ce duka biyun. Ya ce, "Na yi wa ɓeraye magana." Na ce ka yi.

Ya kife fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na rawa. Ban san ko kuka yake ko dariya ba, ina jin duka biyun ne. Ban taɓa ganin mutum ya sauke kaya irin haka ba, har kamar ya ƙara tsawo a kan kujerar. Na yi tsammanin daga nan zai fashe da faɗa, ina ma so ya yi. Sai ya share fuska ya dube ni ya ce, "Na tambaye ki a gaban mutane." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan laifina, kuma gara ya mare ni.

Ya tambaya ko ke kika sa ni. Na ce kin ji tsoro, ni ma na ji, amma hannuna ne ya yi. Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya kira asibiti da kansa ya ba su haƙuri, ya kai jakar ɗaki, ya fito da rigar fata. Ya ce in kai shi gidan Helge, in biya ta garejina ya ɗauki akwatinsa.

Kawu ma na gaya masa, a tsaye a tsakar gidansa. Ya dube ni ya ce, "Ke kuwa Allah ya shirye ki," ya juya ya tafi taya Baba yaye bargo. Ban samu gahawa ba ranar.

Baba ya bi babur ɗin nan daga gaba har baya kamar bai taɓa ganinsa ba, bai bar ni na miƙa masa ko tsinke ba. Ya tada shi ya hau, na bi shi a mota har gida. Zan gaya miki gaskiya tun da na gaji da akasinta. A kan hanya yana tafiya kamar ɗan shekara arba'in, yana kwanciya a kwana yadda ya koya mini, ya kauce wa ramuka tun kafin in gan su. Amma a mahaɗar coci ya daɗe a tsaye, sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya ga hagu, kuma da zai sauke ƙafa na ga babur ya ɗan rinjaye shi kafin ya tare. Abin da kike tsoro yana nan, bai je ko'ina ba. Na cire masa tsoro ɗaya na mayar miki da naki, in wani abu ya same shi a hanya na san wanda ya buɗe ƙofar.

Ya ce ranar Lahadi zai zo Karlstad ya gan ki, a kan babur. Na ce zan bi shi a kan nawa. Ya ce hanya ta gwamnati ce. In za ki yi faɗa ki yi da ni, kar ki yi da shi a gaban Inna. Maganar wuyansa da ta hawa kuwa, ku zauna ku yi ta ku biyu, baki da baki, yadda ya kamata a yi tun farko.

Yana cin abinci sosai yanzu, ya koma tuƙa kansa kanti, jiya har na ji shi yana yi wa mai karanta labarai gardama. Yana gaishe ni, yana tambayar aiki, yana tura mini biskit. Wanda bai sani ba zai ce komai ya koma daidai.

Jiya da yamma na kai masa gwangwanin man sarƙa, don na ga nasa ya kusa ƙarewa. Yana waya a falo, sai na shiga rumfar da yake ajiye babur na ɗora a kan kanta na fito. Ban taɓa babur ɗin ba, ko rigata ba ta goge shi ba. Na leƙa na ce masa na tafi. Na shiga mota ina neman tabarau a jaka, sai na gan shi ya fito da silifas ya shiga rumfar. Ƙofar a buɗe take. Ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa mai ciwo, ya kwance murfin akwatin iska, ya leƙa, ya zura yatsu. Ya ɗaure, ya bi wayar birki da hannu har ƙasa. Da ya dafa kujera ya miƙe sai muka haɗa ido. Bai ɓoye sukudireban ba. Ya ɗaga mini hannu yadda ake yi wa maƙwabci, ni ma na ɗaga masa, na tada mota.

Sai mun zo ranar Lahadi. Ki gaida Inna, ki ce kar ta wahalar da kanta da girki.

Ni ce 'yarki,
Ylva